Ƙarin da Ya Fito wa Makoti

Lingelihle, Cradock,
ƙarshen watan Oktoba.

Zuwa ga yayata, Sisi Phumeza,

Ina miƙo miki gaisuwar girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayarta, da addu'ar wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Bhuti Luyolo. Ubangiji ya tsare ku daga sanyin garin Limerick na ƙasar Turawa da kike cewa yana ratsa ƙashi, ya ƙara miki ƙarfin tsayuwar asibiti, ya sa tsofaffin da kike jinya su zama masu sauƙin hali. Kayan da kika aiko sun iso. Bargon ya yi wa mahaifinmu Tata kyau, takalmin kuwa ya yi mini kaɗan, na ba matar Mzoxolo.

Mu nan muna gode wa Allah. Hawan jinin Tata ya ɗan lafa tun da aka canja masa ƙwaya, gyambon kwankwasonsa ma ya bushe. Ƙaninmu Mzoxolo yana nan yana aikin gyaran titi, matarsa kuma ciki ya tsufa, muna sa rai kafin Kirsimeti. An yi ruwa mai kyau a farkon wata har duwatsu sun yi kore, amma famfon unguwarmu yana nan da halinsa, yau ya kawo gobe ya ƙi. Dabawo Nozipho, ƙanwar Tata, ta zo ta yini, ta yi addu'a mai tsawo, ta ci abinci, ta ce na rame, ta tafi.

Abin da ya sa na zauna rubutu maimakon in faɗa miki a waya shi ne, duk sanda kika kira Tata yana kusa, kuma kin san harshensa ne ya mutu, kunnensa garau yake. Maganar Makoti ce. Na san za ki yi dariya ki ce Thozama ta rasa abin ɓata wa tawada sai ɓera. Ni ma da haka nake gani. Ranar da 'yarki Asemahle ta dire mini kejin a kan teburin girki tana kuka, wai ɗakin kwanan jami'a ba sa yarda da dabba, ce mata na yi ta nemi mai karɓa da wuri, in ba haka ba zan buɗe keji in kira kyanwar maƙwabta. To ga shi shekara ta zagayo har ta wuce. Tata ne ya hana. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ban ƙara jin dariyarsa ba sai ranar da farar abar nan ta bi hannun rigarsa ta hau kafaɗarsa, ta zauna tana wanke fuska da hannu biyu. Shi ya raɗa mata Makoti, wato amaryar gida, kawunmu Malume Zwelinzima kuma ya ce sunan ya dace, tunda tana ci a kwanon maigida kuma ba ta wanke-wanke. Cikin 'yan kalmomin da suka rage wa Tata a baki, sunanta ne ke fita sarai. Nawa sai ya yi kokawa da shi. Ba ya kai loma baki sai ta fara ɗaukar nata, da haka nake samu ya cinye dambun masararsa da kindirmo.

Shi ne ya fara gano abin, a ƙarshen sanyinmu na nan, wajen watan Agusta. Ina share masa baki bayan shayi sai ya kama yatsana da hannunsa mai lafiya, ya kai shi ƙarƙashin hammatarta, ya danna a hankali. Na ji wani ƙullutu kamar ƙwayar wake yana gudu a ƙarƙashin fata. Ya zuba mini ido bai ƙifta ba. Na ce masa ƙila cizon wani abu ne, zai sace da kansa. Bai sace ba. Kafin wata ya ƙare ya kai girman ƙwan tantabara, daga nan ya doshi na kaza. Tana ci, tana wasa, amma in za ta hau hannunsa sai ta tsaya a gwiwar hannu ta huta, wani lokaci nauyin ya rinjaye ta ta zamo. Duk zamowar da za ta yi sai Tata ya ture kwano.

Na roƙi maƙwabciyarmu MamTshawe ta zauna da shi in je wurin likitan dabbobi na cikin gari. Ta yarda, amma fa sai da sharaɗin in fita da abar, don ita ba ta zama ɗaki ɗaya da ita. A nan ne na ji abin da unguwa ke faɗi a bayanmu. Wai gidan da ba mai aiki a cikinsa amma ba a rasa nama ranar Lahadi, kuma ana kiwon farin ɓera a keji, ai ba sai an tambayi wanda ke jawo arzikin ba. Ta ce ita dai ba ta yarda da maganar ba, faɗa mini kawai take don in sani. Na ce mata ɓeran da ke kawo mana nama yana can ƙasar Turawa yana goge wa tsofaffi jiki, sunansa Phumeza. Ta yi dariya, amma ba ta sha shayin da na haɗa mata ba.

A wurin likitan na tarar da manoma biyu, ɗaya da kare, ɗaya yana jiran maganin tumaki. Da na yaye zanen da na rufe kwandon, mai tumakin ya leƙa ya ce shi yana da likita a rumbunsa mai gashin baki da wutsiya, wanda ke irin wannan aikin kyauta kuma ba ya barin ɗinki. Suka yi ta ƙyaƙyatawa. Likitan dai mutumin kirki ne, bai yi dariya ba. Ya taɓa ƙullutun da babban yatsansa, wanda ya kusa kai girman kanta, ya ce ƙari ne na mama, matan ɓeraye suna yawan yinsa, kuma ana cirewa. Sai dai shi mai shanu da tumaki ne, ba shi da na'urar iskar sa barci da ta dace da abu ƙarami haka, allurar da yake da ita kuwa in ya yi mata ba za ta farka ba. Ya ce abin da zai iya shi ne ya sallame ta ba tare da ta sha wahala ba, a ranar ma in na yarda. In kuwa aiki nake so a yi, akwai wata likita a birnin Bhayi na bakin teku, Dakta Arendse, mai duba zomaye da tsuntsaye da irinsu. Na rufe kwandona na fito. Sisi, ba zan ɓoye miki ba, na tsaya a bakin ƙofa na yi tunanin in koma ciki. Amma na rasa fuskar da zan shiga gida da ita riƙe da kwando ba komai.

Daga nan na shiga tsaka mai wuya. Na kira asibitin na Bhayi na ce in aiko hoto su faɗa mini magani, suka ce ba maganin sha da ke narkar da shi, sai an kawo ta da safe, a yi aiki, a jira ta farfaɗo. Wato yini guda cur, ga tafiyar kusan awa uku zuwa da kuma dawowa. Wa zai zauna da Tata yini guda? Wa zai ɗaga shi ya kai shi bayan gida, ya juya shi, ya gane bambancin gurnanin ƙishirwa da na ciwo? MamTshawe iyakarta awa ɗaya. Dabawo ta ce bayanta ba ya ɗaukar namiji. Matan coci sun ce za su zo su yi waƙa, amma ba mai iya ganin tsiraicin mai wa'azinsu. Na ce to bari in aika ta ita kaɗai, wata ƙawata ta tarbe ta a can. Na je tasha, ɗan kamasho ya ɗaga zanen ya yi tsalle baya kamar ya ga maciji. Ya ce Sisi, kaza muna ɗauka, akuya ma in an ɗaure ta muna ɗauka, amma wannan in ta shiga mota fasinja za su fita ta taga, kuma duk wanda ya nemi jakar kuɗinsa ya rasa, ni za a kama. Wani direba ya ce in sa mata hula da jaka ta biya kujera, tunda ga alama ta fi su gata.

Mzoxolo ya yi alkawarin zuwa ya zauna da Tata wata Asabar, bai zo ba. Ya sake yi, aka kira su aiki. Da ya zo daga baya ya tsaya a ƙofar ɗakin girki ya ce Sisi, ɓera ne fa, ɓera! Ya ce wani abokin aikinsa ya san shagon da ake sayar da farare irinta, a kawo sabuwa a musanya, tsoho ba zai gane ba. Bai rufe baki ba muka ji kofin ƙarfe ya bugi bango a ɗakin Tata. Na shiga na tarar da shayi yana bin bango, shi kuma yana haki, ya dafe Makoti a ƙirjinsa. Mzoxolo ya fita bai yi sallama ba. Tun daga ranar Tata ya rage cin abinci sosai, har na fara ganin ƙasusuwan wuyansa. Fatar ƙarin kuma ta fara gogewa a ƙasan keji ta yi ja. Gaba kura baya sayaki: in tafi ba mai riƙe shi, in zauna kuma ina kallon su biyun suna ƙarewa.

Malume Zwelinzima, ƙanin marigayiya Mama, shi ya warware ta, ko da yake ba yadda na zata ba. Ya zo kawo mana kabewa daga gonar da yake aiki, na ba shi labari, ya ce tunda ba a iya barin tsoho kuma ba a iya aika amarya, ai sai a kwashi ango da amarya gaba ɗaya a a-kori-kurarsa. Na ce masa ko ya manta Tata bai ƙetare ƙofar gida ba tun da aka sallamo shi daga asibiti. Kin san halinsa. Mutumin da muryarsa ke cika coci ba da lasifika ba, ba ya son a gan shi yawu na zuba. Ko baranda na fito da shi sai ya juya fuska bango in wani ya wuce. Malume bai saurare ni ba, ya shiga ɗaki ya zauna bakin gado ya ce, surukina, yarinyar nan ta ƙi tafiya asibiti sai da kai, ya za a yi? Tata ya ɗaga hannu ya nuna saman kabad, inda hularsa ta malafa take.

Da sassafe muka shirya. Ya ƙi rigar sanyin da na ɗauko, sai da na fito masa da jar falmaransa ta ƙungiyar mazan coci, wadda yanzu mutum biyu irinsa za su shiga. Malume ya ɗauke shi kamar yaro ya sa a gaba, na zauna gefensa da kwando a cinya da tawul a hannu, keken guragu a baya. Labule sai motsi yake a gidajen layinmu. Tata ya miƙe wuya ya kalli gaba har muka bar unguwa. A hanya sau biyu muka tsaya, sau ɗaya kuma ba mu tsaya da wuri ba, na gyara shi a bayan wata bishiya Malume ya kare mu da bargo yana waƙar coci da ƙarfi, wai don kada motoci su ji.

Dakta Arendse yarinya ce, ba za ta girmi Asemahle da yawa ba. Na fara yi mata bayani sai ta lura da inda idon Tata yake. Ta durƙusa gaban kekensa ta tambaye shi da gurguwar Xhosarta, wato yarenmu, ko shi ne mai ita. Ya ce Makoti. Daga nan shi ta yi wa magana, ni sai fassara nake cikewa. Ta ce za ta iya cirewa, amma Makoti ta tsufa a shekarun ɓeraye, yana yiwuwa ta yi barcin ta zarce. In kuma an bar shi, fatar za ta fashe, ƙarshen ba zai yi kyau ba. Ta ce shi zai zaɓa. Sisi, rabon da wani ya ce wa Tata ya zaɓi wani abu, ko da launin riga ne, na manta, kuma har da ni a masu laifin. Ya sa hannu cikin kwandon ya fito da ita, ta lasar masa yatsa, ya miƙa wa likitar da kansa.

Aka ce mu dawo da la'asar. Malume ya kai motar inuwa, Tata ya gaji ya yi barci, sai Malume ya ce mini in je in sha iska, shi yana nan. Na ce ina zan je? Ya ce ko'ina, ke dai ki tafi. Na bi titi ya gangara da ni har bakin teku. Na cire takalmi na zauna a yashi, na sayi kifi da dankali na ci ni kaɗai, da hannu biyu, ba ina ci ina ba wani a baki ba. Ba wanda ya san ni, ba wanda ya kira ni. Kunnena dai ya ƙi yarda, ina ta jin kamar ana buga cokali a jikin gado, yadda Tata ke kirana. A hanyar dawowa na wuce inda manyan motocin zuwa birnin Kapa ke lodi, yaron mota ya ce Mama, saura mutum ɗaya, ki zo mu tafi. Na tsaya ina kallon kujerar da ba kowa ta taga, har ya sake tambayata. Sai da motar ta cika ta tashi sannan ƙafata ta motsa. Ban faɗa wa kowa wannan ba sai ke.

Makoti ta farka. An aske mata gefe ɗaya, ga ɗinki tun daga hammata har ciki, an sa mata wata 'yar riga da aka yanka daga safar jariri don kada ta cinye zaren. Malume ya ce yanzu ta zama amarya ta gaske, har da kayan lefe. Tata ya yi dariya, ya yi kuka, duk a haɗe. Amma likitar ta ce akwai abin da ba za ta rufe mana ba. Da tana aiki ta ji wani ƙaramin ƙarin a matsematsinta, a wurin da ba ya ciruwa da sauƙi, kuma jikin ba zai ɗauki barci na biyu ba. Ta ce mun saya mata watanni masu daɗi, ƙila har kakarmu ta bayan sabuwar shekara, ba fiye ba. Sannan ta ce ɓera ba ya son zaman kaɗaici, kuma mai ɓera ma haka. Akwai wata mata a garin mai karɓar waɗanda aka yasar, in muna so za ta haɗa mu da ita mu ɗauki 'yan ƙanana biyu, su saba da hannun Tata tun Makoti tana raye. Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Ta ce in an kula da su sukan kai shekara uku.

Yanzu mun dawo, majinyata biyu gare ni. Safe da yamma ina ɗiga mata magani a cikin ayaba, in ba shi nasa a cikin kunu. Ɗinkin ya kama, ta koma hawa kafaɗa ba hutawa, shi kuma ya koma cinye kwanonsa, har yana yarda in fito da shi baranda da hularsa. Ya kamata in yi murna, kuma ina yi. Sai dai kullum da safe in na shiga buɗe labule, kafin in gaishe shi, sai ya ɗaga mini yatsu biyu. Na san abin da yake nufi. Nakan yi kamar ina gyara bargo. In na ce a'a, na san ranar da Makoti ta tafi zai ture kwano kuma ba zai sake jawo shi ba. In na ce to, na sa hannu a kan wasu shekaru uku ke nan a tsakanin ɗakin nan da ɗakin girki, ni da na haura arba'in. Ina jin kunyar lissafa ran mahaifina da ran ɓera, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka roƙona gare ki, Sisi, kada ki aiko da kaya a Kirsimetin nan, ki zo da kanki. Na san hutu yana da wuyar samu, na san kuma guminki ne ke riƙe da gidan nan, ban taɓa mantawa ba. Amma ki zo ki karɓe ni ko na 'yan kwanaki ne, in je wani wuri in kwana inda ba mai kirana. Ki ɗaga shi, ki juya shi, ki ga yatsun nan biyu da idonki, sannan mu zauna ni da ke da Mzoxolo mu ba shi amsa tare, kowa ya faɗi abin da zai ɗauka a ciki. Uba ɗaya ya haife mu, kada a bar ni in amsa ni kaɗai. Asemahle kuma ban faɗa mata zancen ƙari na biyu ba saboda jarrabawa, ke kika san lokacin da ya dace.

Ki gaishe mini da Bhuti Luyolo, ki ce masa Malume yana tambaya ko har yanzu yana tsoron tuƙi a ruwan sama. Ki gaishe da Sisi Nolufefe da kuke aiki tare, mahaifiyarta tana lafiya, na gan ta a coci. Malume Zwelinzima, da Dabawo Nozipho, da Mzoxolo da matarsa Zimkhitha duk suna gaishe ki. Na ce wa Tata ke nake rubuta wa, ya yi ta ƙoƙarin fitar da sunanki har ya gaji, sai ya dafa takardar da hannunsa. Ɗan maiƙon da kike gani a kusurwar nan nasa ne. Ubangiji ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai jiran amsarki,
Thozama